Tafi Uku a Ƙarƙashin Rumfa

A garin Filinge akwai wata yarinya ƴar shekara goma. Tana da ƙoƙari a lakwal, wato makaranta, amma fa kunnen ƙashi gare ta. In an ce mata gabas, sai ta nufi yamma.

Yayarta Ummul gwanar lugude ce. In tana daka, sai ta jefa taɓarya sama, ta tafa hannu sau uku, ta cafe ta. Yarinyar kan tsaya tana kallo, baki buɗe.

Ana nan, sai gwaggonsu Habsa ta haihu a Bonkuku. Ran suna ƴan mata za su yi dakan fura, kowace ta nuna gwanintarta. Yarinyar ta ƙudurta lalle sai ta shiga cikinsu.

"Inna, ni ma ina yin tahi ukku ran suna," in ji ta.

"Ke da ko tahi guda ba ki iya ba?" in ji Inna. "Ɗauki ƙaramar taɓarya ki yi dakanki. Kar in ga kin jehwa ta sama."

"Ai Ummul ma ba da iyawa anka haihe ta ba!"

"Na dai hwaɗa miki."

Ran Lahadi Inna ta tafi kasuwa, Ummul ta tafi famfo. Yarinyar ta mirgina turmi zuwa bayan ɗaki, ƙarƙashin rumfar da Baba ke ɗora harawa. A nan babu mai ganinta. Ƙaramar taɓarya kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Babbar ta ɗauko.

Ta jefa, ta tafa sau ɗaya, ta cafe. Ta sake jefawa, ta tafa sau biyu. Daɗi ya kama ta.

Tafi uku sai an jefa sama sosai. Ta tattara ƙarfinta, ta wurga. Ta manta rumfar gajeriya ce.

Taɓarya ta bugi itacen rumfa, ta juyo. Ƙum! Ta same ta a goshi. Jini ya rufe mata ido.

Ihunta Ummul ta jiyo tun daga ƙofar gida. Ta yar da bokiti, ta danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, ta ƙwala wa Baba kira. Baba ya kai ta likita a kan babur.

An yi mata ɗinki huɗu. Matar da ta ɗinke ta ta girgiza kai.

"Da ta sauko da faɗin yatsa guda, da idonki ne," in ji ta.

Ran suna ƴan mata suka kewaye turame, lugude na tashi. Ita kuwa tana zaune a tabarma, goshi a naɗe. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Hawaye na zuba, amma bakin bai mutu ba.

"Wallahi sai na iya!" in ji ta.

Inna ta zauna kusa da ita.

"Wa yah hana ki iyawa, ɗiyata? Gaggawa da ɓoyo nih hana ki."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Inna, ki yi haƙuri."

Da raunin ya warke, Ummul ta kai ta tsakar gida, inda babu rumfa, babu reshe. Ta miƙa mata ƙaramar taɓarya.

"Dubi sama tukun," in ji Ummul. "Sannan ki dubi ko akwai yaro kusa."

Wata guda cur tana tafi ɗaya. Ta yi ta ƙunƙuni, amma ba ta ƙara ba sai da aka ce ta ƙara.

Bayan kaka aka yi wani suna a unguwarsu. Yarinyar ta shiga cikin masu daka. Ta dubi sama, ta jefa, ta tafa sau uku, ta cafe. Inna ce ta fara rangaɗa guɗa.

Yara, son iyawa ba laifi ba ne. Amma ku koya a gaban manya, kuma kafin ku jefa abu, ku dubi inda zai faɗa.