Masu Zama a Ƙarƙashin Ruwan Yanuvou

Ɗana Apisai ba shi da kabari. Ba gawa, ba ko takalmi ɗaya. Ba na cikin jirgin ran nan. Matarsa Kelera ce take ciki, kuma yadda ta faɗa mini haka zan faɗa muku.

Apisai ne ke tuƙa wani jirgi mai filafilai da ake haya a tashar Savusavu, a fita da hantsi a dawo kafin duhu. Kelera ke yi wa fasinja girki. Wanda ya yi hayarsa ranar ba baƙo ba ne. Ilaitia ne, ɗan yayana, taubashin Apisai, wanda ya daɗe a ƙasar waje, a birnin Sidni, har harshensa ya karye. Ya zo da Turawa biyu na wurin aikinsa, wai zai nuna musu Yanuvou, tsibirin su mahaifiyarsa.

"Taubashi, wannan tumbin ma kujera za mu ba shi?" in ji Apisai.

"Tuƙa mu kai dai, bawan iska."

Aka yi dariya. Kelera ta duba kayansu, ta ga giya da ƙanƙara, ba ta ga saiwar kava ba, wadda ake jiƙawa a sha a zaman dattawa, kuma ba a taka tsibirin mutane sai da ita.

"Ina abin gaisuwa?" in ji ta.

"Gidan kawuna zan shiga da gaisuwa? Matarmu, je ki duba tukunyarki."

Da la'asar suka iso. A bakin mashigin ruwan an kafa sanduna, an ɗaura musu ganyen kwakwa. Ko yaro ya san ma'anarsu. Ratu, tsohon sarkin tsibirin, ya rasu. An rufe ruwan: ba kamun kifi, ba tsayawa, sai an fita makoki.

Apisai ya fara juya kan jirgi.

"Ina za ka?" Ilaitia ya daka masa tsawa. "Wanda ya mutu kawuna ne! Ni ɗan 'yar gida ne. Ko alade na ɗauka a garin nan, ba mai ce mini uffan."

Haka al'adarmu take, ban musa ba. Ɗan 'yar gida yana ɗaukar abin da ya ga dama a gidan kawunsa.

"Da kawu mai rai ake wannan wasan," in ji Apisai.

"Ka kunyata ni gaban baƙina? Yau jirgin nan nawa ne."

Da hannunsa ya je ya saki anka, ƙarfen tsayar da jirgi. Ƙarfen ya faɗa ruwa, igiya ta bi shi. Ya ɗauki mashi ya nutse, ya fito da wani ƙaton kifi yana haƙi yana dariya. Turawan suka yi ta ɗaukar hoto. Ya jefa wa Kelera a ƙafa.

"Soya mana."

"Soya wa uwarka," in ji ta, ta koma ciki.

Jinin kifin ya gangara ta gefen jirgi ya shiga ruwa.

Rana ta yi ja. Apisai ya ce a tafi. A nan ne Kelera ta lura iska ta ɗauke. Filafilai ya rataye kamar wanki. Aka murza inji, ya yi tari ya yi shiru. Maza huɗu suka ja igiyar anka har tafin hannunsu ya saɓule. Ko motsi.

Ba tsuntsu ko ɗaya. Ruwa ya daina marin jikin jirgi.

Sai ƙamshi. Man kwakwa da aka jiƙa da furanni, irin wanda ake shafa wa gawa.

Sai aka busa ƙahon katantanwa. Doguwar busa, ta mutuwar sarki. Kelera ta dubi tsibirin. Ba daga can ba ne. A tafin ƙafarta take jin busar, ta cikin katako.

Busar ta tsaya. Aka yi tafi. Tafi mai zurfi, na wurin shan kava, daga ƙarƙashin jirgi.

"Kai ake jira," Apisai ya raɗa wa Ilaitia. "Sauka ka ba da haƙuri."

Ilaitia ya ja da baya. "Ban iya kalmomin ba. Na manta su."

"Ɗan 'yar gida ke nan."

"Taubashi, don Allah."

Apisai ya dube shi. Ya tuɓe riga, ya rungumi kifin.

"Kada ka je," in ji Kelera. "Ba kai ka jefa ba."

"Ni na kawo jirgin."

Ya zame cikin ruwa ba ƙara.

Ta ɗauki gilashin ninƙaya, ta kwanta a kan matakalar baya, ta tsoma fuska. Da sauran haske a ƙasa.

Suna zaune a kan yashi. Tsofaffi, sun tanƙwashe ƙafa, sun yi da'ira. Furfurarsu na lilo a hankali. Idanunsu a buɗe. Ankar tana tsakiyarsu, daidai inda akushin kava ke zama.

Akwai gurbin mutum ɗaya.

Apisai ya durƙusa, ya miƙa kifin da hannu biyu. Bakinsa na motsi. Wani tsoho ya miƙo masa ƙoƙo.

Apisai ya ɗago kai ya gan ta. Ya girgiza mata kai.

Ta miƙa masa hannu.

Wani hannun ne ya kama ta. Sanyi ƙarara, da santsin mai.

"Wa ya jefa?" aka raɗa mata cikin kunne.

Ta buɗe baki za ta faɗi sunan. Ruwa ya cika shi.

Aka ja ta har kafaɗa.

Sai jirgi ya fizga. Iska ta dawo gaba ɗaya, filafilai ya cika, hannun ya suɓuce. Ta ɗago tana amai. Ilaitia na tsaye a gaba da wuƙar girkinta. Ya datse igiya.

"Yana ƙasa! Ku juya! Yana ƙasa!"

Ilaitia ya riƙe sitiyarin jirgi. Ta yakushe shi, ta cije shi. Turawan suka danne ta, wai kada ta faɗa ruwa. Ba su juya ba.

Mutanen Yanuvou sun ɗage haramcin don a neme shi. Masu nutso sun tarar da ankar kwance a farin yashi, ba dutsen da ya riƙe ta. Shi ba su gan shi ba. A takardar hukuma an rubuta haɗari.

Ilaitia ya zo gidana da haƙorin ƙatuwar dabbar teku da ake kira whale, wanda muke miƙawa don neman gafara, da dattijon da zai yi magana a madadinsa. Har yana cewa shi ya ceci Kelera. Ban miƙa hannu ba. Fasto ya yi mini faɗa, yayana ya daina gaishe ni. Yaron ya koma Sidni kafin a share makoki.

Kelera tana wurina yanzu. Ba ta cin kifi. Shatin yatsu na nan a hannunta, sanyi kullum ko da rana tsaka. In aka yi tafi a coci, sai ta tashi ta fita.

Gafarar Ilaitia ban iya roƙonta ba, kada ma ku tambaye ni. Ga wadda nake so ku taya ni: ya Ubangiji, kai da ka san wanda ya jefa ankar nan, ka tashi ɗana daga wurin zaman da ba nasa ba, ka karɓe shi a wurinka. Ku ce amin.