Kwat ɗin Gidan Jan Zare

Ranar da ya fara ganinta jarka biyu ce a hannunsa, ya kuma buɗe baki da ƙarya.

Ƙaramin kemis ne a bakin titi. Ita ce a bayan kanta tana ba da magani, a gefen ƙafarta kuma ga robobin sabulun ruwa a jere. Da kanta take haɗawa a gida ranar hutu, mai shagon ya yarda ta riƙa sayarwa.

"A cika min duka biyun," ya ce.

Ta dubi jarkokin, ta dube shi. Farar riga ƙal, ta sha guga, ga biro a aljihu.

"Duka? Ku nawa ne a gidanku?"

"Na makaranta ne," ya ce da sauri. "Ina koyarwa. Ajujuwa ake wankewa."

"To, Malam, Allah ya ba ajujuwan nan lafiya," ta ce tana murmushi.

Rabin maganar gaskiya ce, lissafi yake koyarwa a wata sakandare. Sauran rabin yana can bayan gidansu: baho uku, igiyoyin shanya, tebur da dutsen guga. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga Inna da ciwon ƙafa, ga ƙanne mata biyu a makaranta. Shi ya sa yana dawowa daga aji sai ya tuɓe farar riga, ya naɗe wando, ya shiga wankin mutane.

Ya iya aikin, wannan kam babu musu. Amma kunyarsa yake ji kamar sata. Ba allon talla, ba ya karɓar kayan unguwar da makarantarsu take, ko sunan masu kaya ba ya tambaya don kada a tambayi nasa. Zare yake ɗinkawa a cikin kwala, ɗinki uku ƙanana, kowane gida da launinsa. Akwai gidan shuɗin zare, gidan kore, gidan ja. Iyakar sanin da ya yi wa mutanensa ke nan.

Bayan mako biyu ya koma kemis. Bayan mako guda ya sake komawa, jarkokin ma ba su ƙare ba. A zuwa na huɗu ya karɓi lambarta.

"Kumfa, kin tashi daga aiki?" ya rubuta mata. "Yau na rubuta lissafi a allo na kasa warwarewa. Yara suka ce Malam ba ya nan. Gaskiyarsu, ina kemis."

"Wa ya ce maka sunana Kumfa?" ta amsa. "Bari dai, na karɓa. Amma ka koma aji, Malamina, kada iyayen yara su zo su kama ni."

Haka suka shafe wata bakwai. Yakan raka ta zuwa inda take hawa mota, tana ba shi labarin sana'arta ba ɓoye-ɓoye: yadda ta fara da bokiti ɗaya, yadda take tara robobin ruwa ta wanke, yadda ta gane masu gidajen abinci sun fi kowa saye. Wata rana ta dubi hannunsa, duk ya yi fari-fari, yatsun sun tsattsage.

"Me ya sami hannunka?"

"Alli ne."

"Allin nan naku mugu ne," ta ce, ta ɗauko masa man shafawa ta ƙi karɓar kuɗi.

Ranar bai iya cin abinci ba. Ya rubuta mata gaskiya sau uku, sau uku yana gogewa. Inna ta ce, "Kai dai ka faɗa mata. Wankin nan shi ke saya min magani, ni ban ga abin ɓoyo ba." Ya ce zai faɗa, ya kuma ƙi faɗa.

Da maganar aurensu ta kai gidansu, babanta bai yi na'am ba. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai tsantseni, ba ya ɗaga murya.

"Malamin makaranta? Da me zai riƙe ki?" ya ce. "Ga ɗan abokina nan, da motarsa da shagonsa, kullum yana yi min hidima."

Ta yi ta lallashi, Umma, mahaifiyarta, ta sa baki, da ƙyar Baba ya ce to, ya zo ranar Asabar ya gan shi.

Sai ga saƙo: "Malamina, Baba ya yarda ka zo Asabar da la'asar. Yana lura da shigar mutum sosai, ka zo fes. Ina alfahari da kai."

Ya karanta ya dubi kwat ɗinsa guda ɗaya. Gwiwar hannun ta ƙoƙe, kafaɗa ta koɗe. Sai idonsa ya sauka kan hanga. Wata kwat ce ruwan toka, mai nauyi, ta gidan jan zare. Wani saurayi ne ke kawo kayan gidan a mota mai sheƙi, ba ya ko fitowa, sai dai ya danna hon ya miƙo jaka ta taga. An gama ta tun Laraba, amma da saurayin ya zo karɓa da yammar nan, sai Malam ya ce masa ba ta bushe ba.

Ya gwada. Kamar a jikinsa aka auna.

"Awa biyu ne kawai," ya ce wa kansa. "In dawo in sake gogewa, wa zai sani?"

Allah sarki. Da ya taɓa tambayar sunan mai kaya ko sau ɗaya, da bai sa ta ba.

Ya yi sallama, aka shigar da shi falo. Baba na zaune da tabarau a hanci. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa, amma idonsa ba a fuskarsa yake ba, yana kan kafaɗarsa. Kumfa ta shigo da tiren ruwa tana sunne kai don murna. A bayanta wani ya shigo yana kaɗa makullin mota.

Malam ya ɗaga kai, suka haɗa ido. Saurayin nan ne mai kawo kayan gidan jan zare, ashe shi ne ɗan abokin Baba.

"A'a," saurayin ya ce, ya fashe da dariya. "Baba, ai wannan mai wankinmu ne. Kai, ba ka ce min kwat ɗin ba ta bushe ba?"

Baba ya cire tabarau ya ajiye.

"Tun da ya shigo na gane ta," ya ce a hankali. "Ita aka ba ni ranar da na bar aiki. Malam, juyo min kwalar."

Ya juya kwalar. Ɗinki uku na jan zare, da hannunsa ya yi su.

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya cire kwat ɗin a gabansu, ya ninke ta yadda ya saba ninkewa, ya rasa inda zai ajiye. Bai iya duban inda take tsaye ba, sai ƙarar kofuna da ya ji a kan tire.

"Tafi da ita ka wanke, tunda ka sa ta a jikinka," Baba ya ce. "Wanki ba laifi ba ne, yaro. Amma an ba ka ajiyar riga ka kasa riƙewa. Ta yaya zan ba ka 'yata?"

Kwana biyu yana kira ba ta ɗauka. A na uku saƙo ya shigo.

"Ba wankin ne ya ɓata min rai ba. Wata bakwai ina ba ka labarin bokitina da robobina, kana jinjina kai, ashe a ranka aikin hannu abin kunya ne. To ni yaya kake kallona? Har man hannu na ba ka na alli. Kada ka sake kira na Kumfa."

Ya zauna a bakin baho ya yi kuka, babba da shi. Saƙon ya fi dariyar saurayin nan zafi, domin gaskiya ta faɗa.

Washegari ya wanke kwat ɗin, ya goge ta da tsumma a sama don kada ta yi ƙyalli, ya sa a leda. Bai jira a zo karɓa ba. Ya ɗauko ta a hanga da rana tsaka, da silifas ɗin wanki a ƙafarsa, ya ratsa ta gaban makarantarsu daidai lokacin tashi. Yara suka bi shi da ido. Kunnuwansa suka yi zafi, amma bai canja hanya ba.

Ya durƙusa a gaban Baba.

"Baba, na ci amanarka, na yi ƙarya. Ban zo roƙon komai ba sai gafara. Ga kayanka."

Tsohon ya karɓa, ya duba kwala, ya duba hannu.

"Na yafe. Amma kayana ba za su sake zuwa wurinka ba."

"Na gode, Baba."

A makon nan ya sa aka rubuta masa allo, ya kafa a ƙofar gida: WANKI DA GUGA, da lambarsa a ƙasa. Labari ya riga ya zaga, saurayin mai mota bai bar kowa bai gaya wa ba. Gidan kore suka janye kayansu. A aji wani ya rubuta "Malam Guga" a allo. Ya tsaya ya karanta, ya ji kamar ya juya ya fita.

"An rubuta daidai," ya ce. "Wanda wuyan rigarsa ya yi baƙi ya gaya wa iyayensa, ina karɓar yunifom ranar Juma'a. Ku buɗe shafi na arba'in."

Suka yi dariya, amma Juma'ar nan yunifom tara aka kawo. Ya fara zuwa gidaje karɓar kaya da kaiwa, ya ƙara da wankin labule da kafet. Duk wanda ya kawo kaya, sai ya tambayi sunansa ya faɗi nasa.

Sabulu kuwa ya koma saye a kasuwa, don ba shi da idon shiga kemis. Hannunsa ya ƙara tsagewa.

Wata biyu ana haka. Wata Asabar yana cikin shanya ya ji sallama. Ita ce, da jarka a hannu. Ya tsaya da jiƙaƙƙen zanin gado, wando a naɗe, kumfa har gwiwar hannu.

"Na ga allonka," ta ce, fuska a ɗaure. "An ce min sabulun kasuwa kake saye. Ka raina nawa ne?"

"Kunyarki nake ji."

"Ka ji ta da kyau. Nuna min hannun."

Ya miƙa. Ta duba, idonta ya ciko.

"Allin nan dai bai daina cin ka ba," ta ce, dariya da hawaye suka zo mata tare.

"Ki yafe min... Kumfa?"

"Da sharaɗi. Ko me kake yi, ko shara ce, ni zan fara sani."

Saura Baba. Shi kuwa saurayin mai mota ya kai kayan Baba wani sabon wurin wanki mai injina, kwat ɗin nan ta dawo da tambarin dutsen guga a kafaɗa. Da Baba ya yi magana, sai ya ce, "Haba Baba, tsohuwar riga ce fa, sai in saya maka wata." Tsohon ya ninke ta ya ajiye. Umma ce ta lura ya daina aikensa.

Ranar Lahadi da safe sai ga Baba da kansa a ƙofar mai wanki, da kwat a hannu. Ya daɗe yana karanta allon.

"Za ta gyaru?"

Malam ya duba a rana, ya shafa wurin.

"Ƙyallin zai ragu, Baba, amma ba zai fita duka ba. Zaren ya ƙone. Ba zan ce maka zai fita ba."

Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Wurare biyu na kai ta, duk sun ce min za ta koma sabuwa." Ya miƙa masa. "Yi abin da za ka iya. In ka gama ka kawo da kanka, ka zo da manyanka."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Kwat ɗin da ango ya sa tasa ce, baƙa, ba mai tsada ba, da kuɗin yunifom da labule aka ɗinka ta. Inna ta yi ta sa albarka har muryarta ta dushe. Baba ya zo da tasa ruwan toka, tabon na nan a kafaɗa, ya dafa kan su biyun ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka a sana'arsu, ya raba su da abin da za su ɓoye wa juna.

Da safiyar ranar ne, yana shiri, saƙonta ya shigo.

"Malamina, kafin ka sa kwat ɗin ka juya kwalar. Na karɓe ta a wurin Inna jiya na ɗan yi aiki."

Ya juya. Ɗinki uku ne ƙanana, a karkace, na farin zare, launin da bai taɓa ba kowane gida ba. Wani saƙon ya biyo.

"Wannan na gidanmu ne. Ka sa abinka ka fito."