Kwalabe Biyu Daga Rafin Kudenda

A bakin rafin Kudenda Auwal ya fara ganinta, tsaye cikin ruwa har idon sawu, 'yan aji huɗu kewaye da ita. Malama Fiddausi ba ta ba ɗalibanta amsa, sai dai ta ce, "Me kuka gani?"

Ran nan 'ya'yan kwaɗi suka kama. Suka zuba wasu a kwalbar ruwan saman rafi, wasu a ta ruwan da ke ƙasan bututun wata masana'anta.

Auwal ma'aikacin gwajin ruwa ne a masana'antar. Ya yi sallama, ta amsa tana sunkuyar da kai. Kafin wata uku ya fara zuwa zance gidansu, yana kiranta Malamata.

Sau huɗu yaran suna maimaita gwajin, kullum 'ya'yan kwaɗin kwalba ta biyu ke mutuwa.

"Ka san dalili?" ta tambaye shi.

"Na sani," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya rubuta gaskiya ya kai wa hukuma. Aka rufe masana'antar. Cikin waɗanda suka rasa aiki har da mahaifinta, Malam Audu, maigadin ƙofa na shekara ashirin. Ya ce kada Auwal ya sake taka masa gida. Hedimasta kuma ya hana fita rafi.

Ta tura masa saƙo: "Ni na jawo mana. Ka yafe mini, ka manta da ni."

Ya amsa: "Malamata, tambaya kawai kika koya wa yara. Ina nan."

Da hawan jini ya kwantar da Malam Audu, Auwal ya riƙa zuwa asibiti kullum, ya zauna a baranda, bai taɓa shiga ba. Rana ta tara tsohon ya sa a kira shi.

"Ruwan nan, da gaske yana cutarwa?"

"Da gaske ne, Baba."

"Jikokina suna wanka a ciki." Tsohon ya dubi Auwal. "Ka turo manyanka."

Malam Audu bai ga ranar auren ba, Allah Ya yi masa rasuwa. Ƙanensa ne ya yi walicci bayan sadakar arba'in, babu kiɗa.

Da za a kai amarya, Inna Dije ta kama hannun 'yarta ta damƙa wa dangin ango.

"Babanki ya ce in faɗa miki bai tafi da fushinki ba. Allah Ya yi muku albarka."

Fiddausi ta ce amin, hawaye na jiƙa mayafinta.