Mushe a Tukunyar Rodika

Rana na tsaka, ƙasa ta yi zafin da ko akuya ta nemi inuwa, sai ga Rodika tsaye a bakin ƙofar sansanin ma'aikatan madatsar Bakolori, akwati a hannu, idanunta sun yi jawur. Leburori sun yi mata zobe, mutanen da har jiya suke miƙo mata kwano suna kiranta Uwar Girki, yau su ne masu tofar da yawu a gabanta. "Mushe ta ba mu! Mushe munka ci!" Wani ya jefo ɓawon rake ya same ta a kunci. Ba ta goge ba. Ta dai rungume akwatin kamar jinjiri, tana faɗin kalmar Hausa guda da ta rage a bakinta: "Haƙuri... haƙuri..." Wai ita ce mai ba da haƙuri! Haka duniya take, kuma ba yau ta fara ba.

Rodika mutuniyar Rumaniya ce, wata ƙasa mai sanyi can cikin Turai, inda a shekarun nan mutum kan bi layi tun asuba don burodi. Mijinta ya rasu a wani hatsarin masana'anta, kuma tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba 'yan'uwansa suka zo ta'aziyya da kwaɗo da mabuɗi a aljihu. Suka kwashe gida, suka bar ta da 'yarta Mirela mai ciwon ƙirji. Da ta ji ana neman kuku a wani aikin madatsar ruwa a Najeriya, ta damƙa yarinyar a hannun tsohuwarta, ta hau jirgi tana kuka har ta sauka. Da wannan aikin ake saya wa Mirela magani. In aikin ya tafi, maganin ya tafi, sauran kuwa ba sai an faɗa ba.

Aka ba ta kicin biyu, na Turawa da na leburori. Ba ta raina kowanne ba. Ta koyi tuƙa tuwo har tafinta ya yi kanta, ta koyi kaɗa miyar kuka wurin Saude, wata bazawara da ruwan madatsa ya cinye gonarsu can wajen Maradun, ta dawo tana sayar da ƙosai a bakin ƙofar sansanin. Sai dai a makonta na fari ta yi kuskure guda. An kawo kaji, ta kama ɗaya ta ɗora kan kututture ta datse kai da gatari, yadda ta ga uwarta da kakarta suna yi. Babu bisimilla, babu fuskantar gabas. Salati ya tashi ta ko'ina! Da aka yi mata bayani ta yi kuka, ta binne kazar, kuma daga ranar ko zabo ne sai ta kai wa Malam Mamuda, limamin leburori, ya yanka. Kowa ya ce ya yafe. Amma yafiyar jama'a ajiya ce kawai, ana ɗauko abin ranar da ake bukata.

Mai sayo wa kicin nama shi ne Falalu, mutum mai carbi doguwa da gaisuwa mai tsawo, wanda ya daɗe yana kwaɗayin a ba ƙaninsa kujerar kuku. Wata safiya ya sauke nama daga mota, an riga an feɗe an yayyanka. Rodika ta shinshina ta ya da fuska.

"Malam Falalu, nama wari."

"Haba Madam! Zahin hanya na. Daga Janbako hwa ni ɗauko shi, kin san hanyar. Sa yaji, sa daddawa, mutanenmu ba su da tsirhwa."

"Malam Mamuda ya yanka?"

"Liman guda garemu duk Zamfara? Ki dahwa, leburori na jin yunwa."

Ta dafa. Ina ruwan baƙuwa da musu da ɗan gari mai carbi? Kafin la'asar maza sun fara faɗuwa a bakin magudanar da suke haƙa, amai da gudawa, aka yi ta kwasarsu zuwa asibitin Talata Mafara. Falalu kuwa ya bi rumfa rumfa yana dafe da ƙirji. "Ni dai raguna masu rai ni kawo. Ita ta kashe su bayan kicin da gatarinta. Kun manta kaza?" Ba su manta ba. Ya za su manta!

Manajan sansanin, Bature mai karatu da tabarau, ya yi binciken da bai kai tsawon shan kofin shayinsa ba. Leburori sun ce ba za su ɗauki shebur ba sai ta fita, shi kuma kankare ba ya jira. Ya ce ta tattara, motar Sakkwato za ta ɗauke ta ƙarshen mako, daga nan sai jirgi. Ta durƙusa ta ambaci sunan Mirela. Ya dubi agogo.

Saude ce ta keta zoben nan, matsamin ƙosai a hannu. "Ku ba ni wuri, marasa kunya! Kai Abdu, wa ya ɗaure maka yatsa ranar da ƙarhe ya datse ka? Tahi can!" Ta ja Rodika zuwa bukkarta ta zana, ta shimfiɗa mata tabarma.

Kwanakin nan Rodika ba ta ci ba. Zazzaɓi ya rufe ta, sauro ya yi gadonta, yara suna leƙowa ta zana suna waƙar mushe. Mutane suka ƙaurace wa ƙosan Saude, har kaskon ya yi sanyi.

"Yaya Saude, na kashe mutane?" ta tambaya, hawaye na bin kunnenta.

"Ba wanda ya mutu, ƙanwata. Sha kunun ga."

"Mirela za ta mutu. Ni na zo nesa, na zo banza..."

"Ki bar hwaɗin haka! Allah na gani. Ya Allah, kai ka san baƙuwa ba ta da kowa, ka isar mata." Suka rungume juna suna kuka, kowacce tana roƙo da harshen da uwarta ta koya mata.

Ranar da motar Sakkwato za ta tashi, wani dattijon makiyayi, Bappa Maiwada, ya iso daga Janbako da sandarsa. Ɗansa na cikin leburorin da suka kwanta, ya dubo shi a asibiti, ya biyo ya ga wurin da aka cuci yaron. Ya tsaya rumfar Saude neman ruwa, daidai lokacin da jama'a suka taru kallon tafiyar Rodika. Falalu na gaba gaba, yana jan carbi. Dattijon ya kare ido da tafi, ya dube shi da kyau.

"A'a! Ba kai ne mai karnuka ba?"

Falalu ya ce bai san shi ba.

"Ka san ni mana. Saniyata da ciwo ya kashe, ta kwana ta kumbura, za mu binne ka tsaya da mota ka ce mu ba ka, karnukan Turawa za ka kai wa. Har na sa yara sunka taya ka hiɗa." Ya nuna Falalu da sandar. "Kai... ita ɗana ya ci?"

Malam Mamuda ya aika aka ɗauko Alƙur'ani, ya ce Falalu ya yi alwala ya dafa. Falalu ya dubi littafin, ya dubi dattijon, sai ya zubar da carbi ya zura da gudu, babbar riga na harɗe shi, bai tsaya ko'ina ba sai cikin magudanar da waɗanda ya ciyar suka haƙa. Da ƙyar liman ya ƙwace shi daga hannun jama'a, aka miƙa shi ga 'yan sanda. Alƙali a Mafara ya ɗaure shi, kuma da ya fito ko mahauci ba ya amsa sallamarsa.

Manaja ya fito ya ce dama shi tun farko yana da shakka. Leburori suka ce dama su ma zuciyarsu ba ta kwanta ba. Ikon Allah, ashe duk sansanin babu wanda ya taɓa zarginta!

Rodika ta sauko daga motar da ta riga ta shiga. Sharaɗi guda ta kafa kafin ta koma kicin: Saude ce za ta riƙa sayo nama. Aka amince nan take.

Damina biyu bayan haka, wata mota ta tsaya a ƙofar sansanin, wata yarinya siririya mai jan kumatu ta sauko tana waige waige, numfashinta lafiya lau. Rodika ta yar da muciya ta fito a guje, gari har gira, tana ta kiran sunan Mirela. Saude ta tsaya gefe tana share ido da haɓar zane, sannan ta daka musu tsawa.

"To, kukan ya isa haka! Ku shigo da ɗiyata inuwa, tuwo na ƙonewa."