Jifan Taurari a Angwan Iya

Kullum Isma'ila ya dawo daga aiki a Abuja, kafin ya ko cire takalmi zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗora 'yarsa Jannatu a cinya, ya kunna mata kwamfutar hannu. Shekararta biyu da rabi. Akwai wata manhajar yara a ciki mai nuna rana da duniyoyin da ke kewaya ta, yarinyar kuwa ta haddace su tsaf, Mas da Jufita har da mai zoben nan. Isma'ila mutum ne mai son a san shi ma ya haifa, ga shi bakinsa ba linzami. Idan matarsa A'i ta ce magariba ta kawo jiki, a shigar da yarinya ɗaki, sai ya ce har yau ƙauyanci bai sake ta ba.

Wasan ƙarshe Jannatu ta fi so. Da ta dangwala yatsa a baƙin sararin, sai tauraruwa mai wutsiya ta keto ta faɗi da ƙara, ita kuma ta ƙyalƙyale da dariya, uban yana zuga ta ta jefa wata.

Wata Talata, ladan bai ida kiran sallar magariba ba, ta dangwala, sai dutse ya sauka a kan kwanon gidan. Ta sake dangwalawa, wani ya sake sauka. Kaji suka yi tsit a akurki.

Isma'ila ya fita a fusace, ya buga ƙofar maƙwabcinsa Gamaliel, tsohon malamin makaranta, ya ce jikokinsa marasa tarbiyya ne ke jifa, kuma hassada ce ke cin gidan.

"Malam Isma'ila, jikokina suna coci wajen koyon waƙa," in ji dattijon.

Bai rufe baki ba wani dutsen ya dira tsakanin ƙafafunsu, daga sama sak, yana hayaƙi. Isma'ila ya juya gida ba tare da ya ba da haƙuri ba.

Kwana bakwai ana jifa duk magariba, ko an kunna kwamfutar ko ba a kunna ba. A na takwas Jannatu ta daina cin abinci, ta koma kusurwa ta fuskanci bango. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Da uban ya sunkuya zai ɗauke ta, ya ji ta yi nauyin buhun masara. Ta juyo ta kalle shi, muryar wata tsohuwa ta fito daga ɗan bakin nan.

"Sauke ta."

Ranar tsoro ya shigi Isma'ila sosai. A'i ba ta nemi izininsa ba, ta yafa mayafi ta tafi unguwar Liman Abaji ta zo da Modibbo, wani tsoho mai ruƙiyya. Bayan la'asar ya zauna gaban yarinyar, ya dubi uban.

"Duk abin da ka ji, kada ka tanka. Ni kaɗai zan yi magana."

Ya daɗe yana karatu, har inuwar katanga ta rufe tsakar gidan. Can Jannatu ta sanƙare, ta washe haƙora.

"Ya isa haka, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Aljana ce ni, a bayan katangar nan nake tun ba a yi unguwar ba. Ɗa ɗaya gare ni. Ya bi abokansa sama satar jin magana, aka jefe shi da irin wutar nan, ya faɗo gabana ya zama toka. Yanzu kullum magariba, lokacin fitata, sai in tarar ana jefa ta ana dariya. Ni ma na rama jifa. Ba su ji ba, to zan tafi da tasu."

"Ba za ki tafi da ita ba," in ji Modibbo. "Ba ta san komai ba. Hoto ne take taɓawa. Ki fita, ko in ci gaba."

Aka yi ta ja, tana kuka tana zagi, yana ƙara karatu. Daga ƙarshe ta sauko: a goge wasan, kuma kada a sake zama a tsakar gidan da magariba. A'i ta goge shi nan take. Aljanar ta rantse za ta fita ta ɗan yatsan ƙafa, ba za ta dawo ba.

Da an bar shi haka, da shi ke nan. Amma Isma'ila ya ga abokiyar gaba ta karaya, sai zuciya ta ɗebe shi.

"Tafi can, la'ananniya. Ɗan naki ɓarawo ne, daidai aka yi masa."

Modibbo ya runtse ido. Muryar ta dawo a hankali, babu kuka a cikinta yanzu.

"Na rantse zan fita, kuma zan fita. Ban rantse zan fita hannu Rabbana ba. Ni ba mai kirana uwa. Kai ma ka ɗanɗana."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ɗan yatsanta ya motsa, ta sulale a jikin uwarta. Da ta farka ta ce, "Mama, ruwa." Isma'ila ya durƙusa ya miƙa mata hannu yana hawaye. Ta dube shi, ta ɓoye fuska a mayafin A'i kamar ta ga baƙo.

Jifa ya tsaya tun daga ranar. Modibbo ya dawo sau da yawa, ya ce babu kowa a jikinta, abin da aka ɗauka ne kawai ba ya nan.

Bana Jannatu ta shiga aji biyu, lafiyarta ƙalau, ga surutu. Da yamma idan ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida, takan leƙa ta taga, ta koma wajen uwarta da ladabi.

"Mama, mutumin nan ya dawo."