Baƙin Yanki a Saman Sanda

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, oga ya bar Hafizu shi kaɗai a ofis a Abuja har dare, yana haɗa zanen ƙididdigar ƙaurar ma'aikata da iyalansu a kwamfuta, sanduna a jere, kowane ofishi da sandarsa. Kowace sanda kala uku ce, wani kan wani: kore waɗanda suka iso, ja waɗanda ke kan hanya, shuɗi waɗanda ke Legas. Ɗaya bayan ɗaya yake bi yana liƙa wa kowane yanki suna, amma hankalinsa na kan jan, don matarsa Mashkura tana cikin motar dare daga Legas.

Can sai ga wani siririn baƙin yanki a sama, wanda ba shi ya saka ba. Ya goge, ya dawo.

Warin laka ya cika ɗakin. Wani mutum ne tsaye a bayansa, rigarsa na ɗigar ruwa, alhali rani ake.

"Malam, namu ka bari babu suna," in ji shi, muryar kamar daga ƙarƙashin tebur.

"Ku su wa?"

"Mu da muka taso ba mu iso ba. Yi sauri, akwai masu zuwa."

Hafizu ya dubi allon. Jan yana raguwa, baƙin yana ƙara kauri.