Sandar Mai Rufe Baya

"Ba zan tashi ba."

Afiniki tana zaune a kan falalen dutse lokacin da ta faɗi haka, a tsakiyar hanyar hawa tsaunin da ke bayan Kalgo. Ta cire takalmi ɗaya ta ajiye a gefenta.

Filibus ya tsaya ƙasa da ita kaɗan, ya dogara da sandarsa.

"Ƙafa ce?"

"Ƙafata lafiya lau."

"To mene ne?"

"Ka wuce mana... in za ka iya."

Ba zai iya ba, ita ma ta sani.

Zumuntar matasan cocinsu tana hawan wannan tsauni a Asabar ɗin farko ta kowane wata, tun Afiniki tana sakandare. Mahaifinta, Dattijo Irmiya, shi ya kafa musu doka bayan wata yarinya ta ɓace a hawan farko, aka wuni ana nemanta. Dokar ita ce mutum ɗaya zai riƙe sanda ya rufe baya, ba ya wuce kowa komai nawarsa. Kuma ba a buɗe Littafi Mai Tsarki a ƙoli sai an ga sandar ta iso.

Filibus, mai gyaran injin ban ruwa a fadama, shi aka ba sandar tun yana saurayi. Har yau tana hannunsa.

A wancan zamanin Afiniki ce kullum ta ƙarshe. Ba don rashin ƙarfi ba. Takan tsaya ɗaure igiyar takalmin da bai kwance ba, ko ta ce tana kallon shanun Malam Jibrin da ke kiwo a gindin tsaunin. Filibus ya raɗa mata suna Sarauniyar Baya. Yakan zo da dafaffiyar gyaɗa a aljihu, su ci a kan wannan falalen, ya tambaye ta ayar watan jiya, ta kawo rabi ya cika mata rabi. Daga nan ana ganin shinkafar fadama kore shar, da motocin Jega suna wucewa ƙanana kamar tururuwa.

Damaris, mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ita ta kai magana gida. Ta ce wa Dattijo Irmiya kullum su biyu ne a baya, ba mai ganinsu. A hawa na gaba dattijon ya sauko daga ƙoli ya same su da ɓawon gyaɗa a gabansu.

"Me ke tsakaninka da 'yata?"

Filibus ya dubi sandar.

"Baba, aikina ne in jira na ƙarshe."

"Madalla. To ka tsaya a aikinka."

Afiniki ba ta yi kuka a wurin ba. Da ta gama karatun jinya aka tura ta Gwandu, ta tafi ba ta yi masa sallama ba. A can masu ibadarsu ba su cika ɗaki guda ba, ba kuma mai hawan tsauni. Duk Asabar ɗin farko takan farka da asuba ba dalili, ta ji ƙarar baburan 'yan kasuwa, ta koma ta kwanta. Maza biyu masu albashi sun zo neman aurenta ta hannun mahaifinta. Ta ce musu aiki ya yi mata yawa.

Yau zumuntar ke bikin tunawa da kafuwarta, an gayyaci tsofaffin 'yan ƙungiya duka. Afiniki ta hau motar farko daga Gwandu. A gindin tsaunin Malam Jibrin ya gane ta, gemunsa ya yi fari.

"A'a! Ta-baya, ke ce? Mi ya ɓoye ki haka?"

Kafin ta gama gaishe shi Damaris ta rungume ta.

"'Yar'uwa, kin zo a daidai! Kin ji za a ba Filibus shugabancin matasa? Amma dattawa sun ce sai mai iyali. Gobe bayan sujada zai faɗa musu suna."

"Sunan wa?"

Damaris ta gyara ɗankwalinta.

"Mamana dai ta riga ta je wajen mamarsa. Ki taya mu da addu'a."

Abin da ya zaunar da Afiniki a kan falalen ke nan.

Rana ta fara zafi. Sauran sun ɓace a bayan duwatsu, sai muryoyinsu.

"Afi, mutane suna jira," in ji Filibus.

"Su jira. Ni ma na jira."

"Ke kika tafi."

"Kai ka ce ni aiki ce."

Ya kankare ƙasa da bakin sandar.

"Ranar nan ko sifana ta kaina ba ni da ita. A shagon wani nake kwana. Me zan ce wa dattijo?"

"Gaskiya."

"Da ya kore ni."

"Da ya kore ka, da na san akwai abin da aka kora."

Daga sama aka ji muryar Damaris, wadda ba ta buƙatar lasifika.

"Filibuuus! Fasto yana jira!"

Bai ɗaga kai ba.

"Sunan wa za ka faɗa gobe?" Afiniki ta tambaya.

"Ban ba kowa amsa ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da ƙullin leda, ya ajiye a kan dutsen kusa da takalminta. Gyaɗa ce dafaffiya, da sauran ɗuminta.

"Kowane wata nake zuwa da ita," ya ce. "Yaran Malam Jibrin sun yi ƙiba."

Ta kusa yin dariya, ta danne.

"Gyaɗa ba magana ba ce, Filibus."

Sai suka ji tsakuwa tana gangarowa. Dattijo Irmiya ne ke saukowa a karkace, yana dafa duwatsu saboda gwiwarsa. Ya iso yana haki. Ya dubi 'yarsa, ya dubi takalmin, ya dubi ledar.

"Ikilisiya guda tana gasuwa a rana, Littafi a rufe, ku kuna nan kuna cin gyaɗa."

"Baba..." in ji Afiniki.

"Ba da ke nake ba."

Ya juya ga Filibus.

"Tsufa ya sa ina maimaita tambaya. Me ke tsakaninka da 'yata?"

Filibus ya sake duban sandar. Afiniki ta ga haka, ta miƙa hannu za ta ɗauki takalminta.

Filibus ya jingine sandar a jikin dutse, ya durƙusa.

"Ina son ta, Baba. Tun ranar nan nake son ta, tsoronka ya hana ni faɗa. In ka yarda, sunanta zan kai wa dattawa gobe. In ba ka yarda ba, su ba wani shugabancin."

Dattijon ya dube shi.

"Ranar nan ban so ka ba, yau ma ban ce ka burge ni ba. Amma da ka buɗe baki tun lokacin, da mun yi rigimarmu mun gama, da yanzu jikana ne ke riƙe min hannu a wannan gangaren." Ya dubi Afiniki. "Ke fa?"

"Ni na daɗe da ba da amsa, Baba. Ba wanda ya tambaye ni ne."

"To sa takalminki."

Filibus ya miƙa hannu ga sandar. Dattijon ya riga shi.

"Ni na kafa dokar, ni ne kuma mafi nawa yau. Ku wuce."

"Baba, gwiwarka..."

"Na ce ku wuce!"

Suka wuce. A hanya Filibus ya ce, ƙasa-ƙasa, "Sarauniyata, yi a hankali."

"Yau sauri nake," ta ce.

Da suka ɓullo a ƙoli tare, hannunsa ba sanda, surutu ya ɗauke. Damaris ta dube su sau ɗaya, ta mayar da idonta kan littafin waƙoƙinta. Ba wanda ya zauna sai da kan sandar ya bayyana, dattijon yana biye da ita. Sannan fasto ya buɗe Littafi, ya karanta labarin makiyayin da ya bar garke duka ya koma neman tunkiya ɗaya. Ya tambaya ko akwai mai tsokaci.

"Ina da shi," in ji Dattijo Irmiya, yana murza gwiwa. "Makiyayin nan da ya same ta, bai tsaya yana kallonta ba."

An yi auren bayan girbin shinkafa. Damaris ce ta ja waƙa, ba ta kuskure ko baiti ɗaya ba.

Sandar tana hannun wani yanzu. Duk Asabar ɗin farko, in ya iso falalen nan, yakan tarar da mutum biyu zaune, dole ya tsaya sai sun cinye gyaɗarsu.